Filastar da Ba Ta Shan Ruwa

A Ba'awa, in aka ambaci Malam Ɗantani, sai a ce manomi ne na gaske, amma bakinsa ya fi fartanyarsa kaifi. Matarsa Asabe takan ce ko ƙafarka ya taka, sai dai ya aiko maka da kwanon gero daga baya, amma kada ka jira wata maganar ban haƙuri.

Da damina ta kankama, wuyan hannunsa na dama ya kumbura, riƙe fartanya ya gagare shi. Lubabatu, 'yar ƙanensa da ta karanci haɗa magunguna ta buɗe kemis a Kwanar Dangora, ta ba shi filastar maganin kumburi. Ta ce ya liƙa da safe, za ta kai shi wata safiyar. Amma kullum kafin la'asar ciwon ya dawo. Ran kasuwar Kwanar Dangora, a teburin mai shayi, gaban direbobi, Malam ya ce yarinyar nan jabu take sayarwa. Maganar ta bi motoci, mutane suka fara wuce shagonta ba sa ko leƙawa.

Lubabatu ta zo Ba'awa da kanta, ta durƙusa.

"Baffa, ina wuni? Ya hannun?"

"Ga shi nan, aikin bokonku."

Lubabatu ta koma gefe. Tana zaune tana taya Asabe tsinkar zogale aka kira azahar. Malam ya ɗauki buta, ya kwarara ruwa har gwiwar hannu, yana cuɗawa da ƙarfi yadda ya saba. Tana kallo filastar ta kumbura, ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar gurasa.

Bayan ya idar da salla ta ce, "Baffa, maganin a cikin wani danƙo yake. Wannan danƙon mai shan ruwa ne, da ya jiƙe sai ya saki maganin gaba ɗaya, ya ƙare da wuri. Akwai wanda ba ya shan ruwa, shi kaɗan-kaɗan yake saki. Ni ce ban kawo alwala a raina ba."

"To in ruwa bai taɓa fata ba, alwalar tawa fa? Ki gyara hannu ki ɓata mini salla?"

Asabe ta ce, "Malam, ga Liman can a ƙofar masallaci, ai ba ya cizo."

Liman ya ce shafa a kan filastar ya wadatar, kamar kowane ɗauri na ciwo. Washegari Lubabatu ta aiko da ɗaya irin. Kafin mako ya zagayo Malam ya gama noman dawarsa, in ya ɗaga hannun sai ka ji yana hamdala.

Ran kasuwa ya sa fararen kaya ya hau mota. Ya tsaya ƙofar kemis ɗin, ya yafito mai shayi da direbobin, ya naɗe hannun riga ya nuna musu. Ya yi ta gyaran murya har wani direba ya ce, "Malam, ko a kawo ruwa?"

"Rufe mini baki." Ya juya wajen Lubabatu. "Maganinki na gaske ne, Allah ya yi miki albarka. A nan na ɓata miki suna, ban kyauta ba. Ki yi haƙuri, 'yata."