Ranar da Aka Daina Allura

Ni da ake sokawa ban tayar da hankali ba, sai mai sokawar, wato mijina Kyari.

Shekara da shekaru muna neman haihuwa, har aka yi mana dashen ƙwai a asibiti, cikin ikon Allah ya kama. Likita ta ce kullum sai an yi min allurar riƙe ciki, kar a tsallake ko rana ɗaya. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, shi ya je Sabon Gari wurin Nkechi, wata nas mai kemis, ta koya masa a jikin lemo. Tun daga nan, da an yi la'asar zai bar rumfarsa a kasuwar Kwari, ko wa ke ciniki, ya taho gida Fagge yana haki. Allurar ga kauri ga zafi. Ƙuguna duk ya yi gudaji, zama ma sai a karkace.

Jiya likita ta duba hoton cikin ta ce, "Hajiya Zara, wata uku ya cika. Mabiyiya ta karɓi aikin, a daina allurar."

Na yi hamdala. Kyari kuwa sai da ya tambaye ta sau uku, har na ji kunya.

Yau da hantsi Nkechi ta kira ni. "Madam, Alhajinki ya zo neman ƙari, na hana shi. Ya tafi shagon gaba."

Kai, wannan mutum! Na kasa zaune na kasa tsaye. Na jiƙa shinkafa na manta da ita. Bini-bini ina banɗaki ina dubawa ko jini ya zo, don wallahi ni ma tsoron nake ji, bakina ne kawai ya fi nasa ƙarfi.

Ana idar da la'asar sai ga shi. Ya wanke hannu har gwiwa kamar kullum, ya zaro kwalba daga aljihu.

"Ɗaya kawai, Zara. Ta yau."

"Gobe fa? Haka za ka yi ta soka ta har ranar suna? Likita ta ce ya isa, kai ne ka fi ta karatu?"

Ya zauna a bakin gado, kwalbar a hannunsa.

"Ke kike ɗauke da shi," ya ce. "Ni wannan kaɗai nake iya yi masa. In na daina, cikin ya zube, me zan ce na yi?"

Masifar da na tanada duk ta gudu. Tausayinsa ya kama ni. Na karɓe kwalbar na tura ƙarƙashin filo, na ɗora tafinsa a marata.

"To riƙe nan. Kullum da la'asar ka zo ka riƙe."

Bai ɗaga hannun ba har aka kira magariba. Sannan, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Zara, je ki sake dubawa."