Likkafanin Inno

Malam Maniru, mataimakin shugaban wata makarantar sakandare a Bodinga, mutum ne mai son a gan shi fes. Takalminsa kullum a goge, hularsa kullum da kari, ko sayen albasa za shi sai ya fesa turare. Da Allah ya hore masa zuwa Umara a hutun ƙarshen zango, ai sai abin ya ƙaru. Ya sayo sabon akwati mai taya da 'yar jakar hannu ta fata, ya yi ta jan akwatin a tsakar gida wai yana gwada tayar, matarsa Safinatu tana dariya daga ƙofar madafa.

Ana jibi tafiya ya je Horo Birni, ƙauyensu a ƙasar Shagari, yin ban kwana da mahaifiyarsa. Inno ta tsufa, idonta ya yi rauni, komai da hannu take dubawa. Ta sa yayarsa Dije ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ɗaure cikin tsohon zane mai warin hayaƙi. Maniru ya san abin da ke ciki. Farin yadi ne da mahaifinsa ya sayo da kansa tun yana da ƙarfi, ya ce na su biyu ne. Ranar da ya rasu aka yage rabi da hannu aka suturta shi, Inno ta adana nata rabin, gefensa ɗaya duk zare-zare.

"Ka tahi da likkahwanina ka tsoma min shi cikin Zamzam," in ji Inno. "Ka shanya shi can ya sha iskan Makka, tunda ni ban samu zuwa ba. Amma hannu za ka riƙe shi, Maniru. Kak ka sa shi cikin kayan da ake jibgewa."

"In sha Allahu, Inno."

Har filin jirgi ƙunshin na cikin jakar hannunsa, wannan kam ya cika alkawari. Sai da ya shiga layi tare da abokan tafiyarsa, cikinsu har da wani Alhaji Faruk, darakta a ma'aikatar ilimi, ya hango ma'aikata suna buɗe jakunkunan hannu suna fito da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. A ransa ya ga kansa tsaye ana kwance tsohon zane mai warin hayaƙi, ana warware likkafani a gaban darakta, ana tambayarsa ko ya shirya ba zai dawo ba. Ya koma gefe kamar mai neman fasfo, ya zuge akwati ya cusa ƙunshin ƙarƙashin shaddojinsa. Da akwatin ya bi bel ɗin da ke jan kaya ya shige, har wata ajiyar zuciya ya yi.

A Madina kowa ya ɗauki akwatinsa, Malam Maniru na tsaye. Bel ya yi ta zagayawa har ya tsaya cak.

Kamfanin da ya shirya tafiyar ya haɗa musu da inshora, abin da Maniru ya yi ta gunaguni a kai tun a Sakkwato, yana cewa wanda ya nufi ɗakin Allah me zai yi da wata inshora. Yanzu shi ne mai neman lambarsu. Wata ma'aikaciya mai suna Khairat ta ɗauka, ta yi masa bayani a natse. In jirgi ya yi jinkiri, suna biyan abinci da masauki. In rashin lafiya ta kama mutum, suna biyan asibiti. In kaya sun makara, ya sayi abin da ya zama dole, harami da tufafi da sabulu, ya ajiye rasit. In kuma an nema an rasa, za a biya shi diyyar abin da ke ciki.

"Akwai wani abu mai daraja a akwatin, Malam?"

"Akwai farin yadi."

"Shadda?"

"A'a. Farin yadi kawai."

"To ba damuwa, wannan ai mai sauƙi ne. Akwai rasit ɗinsa?"

Maniru ya ce babu. Wanda ya karɓi rasit ɗin, in ma an taɓa ba shi, yana kwance a maƙabartar Horo Birni cikin ɗaya rabin.

Ya yi Umararsa cikin haramin da inshora ta saya masa. Ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi, ya yi addu'o'in da aka aike shi da su, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. Kullum da safe sai ya kira ya tambayi akwati. In ya ga wasu alhazai sun jiƙa farin yadi da Zamzam sun shanya a rana, sai ya kau da kai ya ƙara sauri. Kunya ce tsagwaronta, irin wadda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Ya dawo ba akwati. Ba a jima ba inshora ta biya, ba gardama ba ja-in-ja, har kuɗin farin yadi an sa. Da wannan kuɗin ya shiga kasuwar Sakkwato ya sayi wani farin mai kama da wancan. Mai shago ya yanka masa da almakashi, tsaf. Maniru ya koma mota ya ɗaga gilashi, ya duba hagu da dama, ya kama gefe ɗaya ya yage shi da hannunsa, ya ja zaren ya barbaje. A gida ya zuba Zamzam ɗin da ya zo da shi a roba ya tsoma yadin. Safinatu na tsaye tana kallo.

"Malam, da ka gaya mata gaskiya. Uwa ce fa."

"Zamzam ɗin dai Zamzam ne, ko a Makka ko a Bodinga," in ji shi, bai ɗago ba.

"Ai ba ruwan nake faɗa ba."

Inno ta karɓi yadin da hannu biyu. Bai ko zauna ba ya fara bayanin cewa tsohon zanen ya yage a hanya, ita ba ta ma saurare shi ba. Ta bi gefen da yatsunta har ta iso wurin zaren, ta tsaya nan. Sai hawaye.

"Nan anka raba ni da babanku," ta ce. "Ga shi wurin ya ga Makka. Allah shi yi maka albarka, Maniru. Yanzu ko gobe anka kira ni, na shirya."

Ta sa Dije ta kira mata maƙwabta. Tsofaffi suka shigo suna shafa yadin suna shafa fuska, suna cewa haihuwa ta yi rana. Wata ta kawo masa fura, wata ta kawo ƙwai. Malam Maniru na zaune a tabarma da sabuwar jallabiya, gumi na bin bayansa, yana amsa amin da wata murya da shi kansa bai gane ba. Da za a tsage ƙasa a lokacin, da ya shiga ya ja ta ya rufe.

Makaranta ta koma, yana ofis yana duba jadawalin darussa, Khairat ta kira. An ga akwatin. Ashe bai taɓa kaiwa Saudiyya ba, a filin jirgin da suka yada zango ya maƙale. Ta ce tunda an riga an biya shi, zaɓi na gare shi, ko ya mayar da diyyar a kawo masa kayansa, ko ya bar musu akwatin su yi gwanjonsa.

Ya ce zai yi shawara, kuma kada a yi masa ƙarya, ya yi ta. In ya bar akwatin, magana ta mutu, Inno na cikin farin cikinta, shi yana cikin mutuncinsa. Amma sai ya riƙa ganin wani baƙo a wata ƙasa ya sayi akwatin, ya kwance ƙunshin, ya yatsine fuska, ya miƙa wa matarsa ta yi tsumman goge tebur. Washegari ya kira ya ce a kawo.

Da akwatin ya iso, ranar Asabar ya isa Horo Birni da hantsi. Inno na zaune a inuwar rumbu. Ya durƙusa ya ajiye ƙunshin a cinyarta. Tun kafin ta taɓa ta ji warin hayaƙin zanenta. Ya gaya mata komai, layin filin jirgi da darakta da kasuwa da mota, kansa a ƙasa. Ta sa Dije ta ɗauko ɗayan. Ta ɗora su gefe da gefe, ta bi wannan da yatsa, ta bi wancan.

"Kai kay yage wanga da hannunka?"

"Ni ne, Inno."

"Kunyar likkahwani kaj ji gaban mutane."

Ya ce Safinatu ta rage ɗan Zamzam a gora, in Inno ta yarda ya jiƙa mata na gaskiyar yanzu.

"Bar shi," in ji Inno. Ta rungume ƙunshinta. "Ya kama hanya bai kai ba. Babanku ma bai kai ba, ni ma ban kai ba. Mu tahi hakanan."

Sannan ta naɗe sabon yadin a hankali, ta miƙa masa.

"Wanga naka na. An riga an wanke maka shi."

Dije ta tashi za ta nemo masa leda. Inno ta ɗaga hannu.

"A'a. Hannu zai riƙe shi."

Motarsa na can bakin gari, don lungunsu ba ya shiguwa. Malam Maniru ya fito da farin yadi a hannu, ya bi ta gaban masallaci inda dattawa ke zaune, suna gaishe shi yana amsawa.