Inda Baba Ya Bar Saitinsa

Ranar da kwalin ya iso daga wurin Yaya, raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Mutum yana can wata uwa duniya, shekara biyu bai leƙo mu ba, mahaifinsa yana fama da ciwon da likita ya ce yana cin jijiya a hankali kuma ba ya ja da baya, sai ya tashi ya aiko da kayan wasa. Na kira shi na zazzage masa abin da ke cikina tas. Ya bari sai da na gaji don kaina, sannan ya ce, "Auta, ki dai haɗa masa. In bai so ba ki watsar."

A cikin kwalin akwai ƙaramar kwamfuta, da sandar tuƙi, da wata na'ura mai kama da ƙaton tabarau wadda ake ɗaurawa a kai ta rufe idanu ruf. In ka saka ta sai ɗakin ya ɓace, ka tsinci kanka a kujerar direban kumbo, taurari ta ko'ina. Ka juya hagu ka ga tagar hagu, ka ɗaga kai ka ga rufi, ka sunkuya ka ga ƙasan kujera. Duk inda kanka ya nufa, hoton yana biye da shi. Wanda ke gefe kuma yana ganin abin da kake gani a allon kwamfutar.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan tirela. Ƙafafunsa ciwon ya fara kamawa, ya mai da mutumin da bai iya kwana uku a gari ɗaya ba mazaunin kujera a bakin taga, yana ƙirga motocin wasu. Tun rasuwar Mama mu biyu ne a gidan. Da safe maƙwabciyarmu ke duba shi, ni kuma ina tashi daga kantin maganin da nake aiki ƙarfe huɗu.

Na ɗaura masa abin ne don kawai in samu bakin ce wa Yaya an gwada. Ina kallon allo sai na ga hoton ya yi hagu, ya yi dama, ya sake yin hagu.

"Ina madubin motar nan?" in ji Baba.

"Baba, kumbo ne fa. Babu kowa a bayanka."

"Haka wani abokina ya taɓa cewa, ya hau kan keken mutane."

Na yi dariyar da na manta rabona da ita. Shi kuwa ko a jikinsa, ya lalubi sandar ya ja kumbon a hankali ya fita daga tasha, kamar mai fita da lodi daga layi mai cunkoso. Tun daga ranar na'urar ta samu suna, kwano, don ya ce da ita da hular masu babur duk ɗaya ne. Ina shigowa ko jaka ban ajiye ba zai ce, "Auta, kawo kwanon nan."

A wasan akwai masu yaƙi, akwai masu haƙar duwatsu, akwai masu yawon banza. Baba ya ce shi ba ɗan daba ba ne, dako zai yi. Ya bi jerin ayyukan ɗaya bayan ɗaya ina karanta masa, ya zaɓi wanda kowa ke gudu: kai injinan tace ruwa wata tasha can ƙarshen taswira, zango arba'in da biyu. Ƙarfinsa na zango ɗaya ne a rana, wani lokacin ma sai an tsallake kwana biyu. Na ce ya ɗauki gajere mana. Ya ce ai ya riga ya sa hannu, kuma kayan mutane ne.

A zango na goma sha biyu sandar ta fara kufce masa. Yatsun ba sa damƙa. Washegari na jawo kujera kusa da tasa na ɗora sandar a cinyata, muka raba aiki, shi ido, ni hannu. In ya tsayar da kallonsa a kan tauraro na ɗan lokaci, na'urar sai ta sa masa alama, ni kuma in bi. Ya naɗa ni yaron mota, kuma ya riƙa yi mini faɗan da ake yi wa yaron mota. "Sassauta. Wa ya koya miki shiga kwana haka? Kaya kika ɗauko ko iska?" Wani lokacin in ji haushi da gaske in ce to ya karɓi abarsa, sai in tuna, in ji kamar in haɗiye harshena.

Akwai maganar da likita ya yi a gabanmu mu biyu. Ya ce mu sa ido a kan wuya, don in wuya ya fara kasa ɗaukar kai, haɗiya da numfashi ne ke biye. Baba ya gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin wani, amma na san ya ji.

A zango na ashirin da uku ya ce, "Motar nan ta karkace. Mitoci kawai nake gani, ina gilashin gaba?"

Na dubi allo, na dube shi. Kumbo lafiyarsa ƙalau. Haɓar Baba ce ta yi ƙasa, kansa ya ɗan kwanta hagu, shi kuma a jinsa a miƙe yake. Akwai wani ɗan maɓalli a gindin sandar da Yaya ya taɓa yi mini bayaninsa a waya: duk inda kan mutum yake fuskanta lokacin da aka danna shi, nan na'urar za ta ɗauka a matsayin gaba. Ya ce an yi shi ne don masu wasa a kwance. Na sa babban yatsa na danna. Gilashin gaba ya dawo tsakiyar allo, taurari suka daidaita.

"Yauwa," in ji Baba. "Me ya same ta?"

"Wata waya ce ta saki a cikin motar."

Ƙaryata ta farko ke nan, kuma ban tsaya nan ba. Kullum in na ɗaura masa kwano sai in yi kamar ina gyara maɗauri, in yi ɗan tari don ya rufe ƙarar maɓallin, in danna. Kullum kan yana ƙara sauka kaɗan, kullum ina mayar masa da duniya daidai idonsa. Har yabonsa nake yi. "Wuyan nan naka da sauransa, Baba." Shi kuma ya ce ai wuyan direba ne. Na sa a raina cewa muddin yana ganin hanya a miƙe, ba zai san inda ciwon ya kai ba, kuma zai kai kayan nan. Ban san yadda aka yi injinan ƙarya a cikin wasa suka zame mini abin tashin hankali ba, amma a kanti ma ina miƙa wa mutane magani ina lissafin zango.

Ranar zango na talatin da biyar na dawo a gajiye, mai kantin ya ɓata mini rai tun safe. Na ɗaura masa kwano na kunna, hankalina yana wani wuri. Sai da shirun ya yi yawa na dubi allo. Gilashin ya haura sama, ya karkace. Mitoci ne suka cika tsakiyar allon. Na manta ban danna ba. Na fara ƙaƙaro tari, yatsana yana lalube.

"Bar tarin nan, Auta, kar ki jawo wa kanki na gaske. Danna kawai."

Yatsana ya tsaya a kan maɓallin.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, muryarsa a shaƙe don haɓar ta danne maƙogwaro. "Ko da ɗan yatsa aka taɓa mini madubi sai na sani. Balle kullum."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da waya ta saki."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Na ga abin yana ɗan sanyaya miki rai."

Na gode Allah da kwano ya rufe masa ido, don fuskata ba ta kalluwa a lokacin. Ashe kwana da kwanaki ni ake lallaɓawa. Na danna, hanya ta dawo. Ya tambayi saura zango nawa, na ce in mun gama na yau saura bakwai.

"In na tsaya a hanya, kar ki bar kayan mutane a daji."

Na ce ya daina irin wannan maganar. Ya ce in sassauta, kwana na gabanmu.

Bayan zango na talatin da bakwai likita ya ce a daina ɗora masa nauyi a kai. Baba ya saurare shi da ladabi, likitan na fita ya ce a kawo kwano. Zango biyu muka ƙara, hannuna na dama a kan sanda, na hagu yana tallafe da na'urar daga sama don kar ta danne shi. Kafaɗata ta yi tsami, tuƙina ya lalace, amma bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Numfashin ya tsananta ranar wata Asabar muka tafi asibiti. Ranar Talata da hantsi ya cika. Saura zango uku.

Yaya ya iso bayan an gama komai. Ban yi masa gori ba, na ga yadda ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kasa shiga. Muka yi mako biyu muna kewaye kujerar nan ta bakin taga, babu mai zama a kai. Ranar da ya fara haɗa kayan Baba a kwalaye, ya kai hannu kan kwano ya ce ko a bayar da shi. Na ce ya ajiye.

Ban taɓa saka shi da kaina ba sai ranar. Duk tafiyar nan a allo na yi ta. Na zauna a kujerar Baba, na ɗaura, na kunna. Abin da na gani rufin kumbo ne da kusurwarsa ta dama, komai a karkace. Na ɗauka ya lalace. Yatsana ya tafi kan maɓallin da kansa, don ya saba, sai na gane. Saitin ranar ƙarshe ne.

Na janye hannuna. Na sunkuyar da kai, rufin ya ɗan ja baya. Na ƙara. Na ƙara har haɓata ta taɓa ƙirjina, ban ga gilashi ba tukuna, sai da na kwantar da kai hagu har kunnena ya kusa kafaɗa. A nan hanya ta miƙe, taurari suka zauna daidai.

Kullum ina tare da shi, kullum ina dannawa, amma kaɗan-kaɗan nake gani. Ban san nan ya kai ba. A haka yawu ba ya wucewa sai da dabara, numfashi rabi-rabi yake shiga. Minti biyu ban yi ba wuyana ya ɗauki zafi. A haka mutumin nan yake ce mini in sassauta, a haka yake tsokanata. Na yi kukan da ban yi a asibiti ba, hawaye suka taru a cikin kwano har taurarin suka dagule.

"Auta, ki danna saiti mana," in ji Yaya daga bayana. "Za ki ji wa wuyanki ciwo."

"Kar ka taɓa."

Ina jin ya dubi allo, ya dubi yadda na lanƙwashe, don can sai na ji ya jawo kujerata ta yaron mota ya zauna, ya zare sandar daga cinyata a hankali.

"Ina za mu?" ya ce.

Na tsayar da kallona a kan tauraron gaba har alama ta fito. Zango ukun nan a zama ɗaya muka yi su. Tuƙin Yaya ya fi nawa muni, amma ban yi masa faɗa ba. Da tashar ta bayyana, kafin mu shiga na juya hagu, na juya dama, iyakar abin da wuya zai iya a wannan lanƙwasar, ko faɗin tafin hannu bai kai ba. Kumbo ya zauna. Rubutu ya fito cewa kaya sun iso lafiya.

"Baba, an sauke," na ce.

Kwana uku na yi ban iya juya wuya ba. Kwanon yana nan a kan kujerarsa, maɓallin kuma na liƙe shi da salatif.