Ruwan Magani a Bakin Ƙofa

Shekara uku muna gardama da wan matata, wanda muke kira Yaya, a kan ko ni manomi ne. Shi kaji dubu huɗu gare shi a gona. Ni tara gare ni a bayan gida, kowace da sunanta, sai littafin koyon kiwo da na karanta har rabi.

"Wanda ya san sunan kajinsa ai ba manomi ba ne," in ji shi, "mai reno ne."

Ranar Asabar na kai masa ziyara. A bakin kowane ɗakin kajinsa akwai faranti cike da ruwan magani, sai ka tsoma ƙafa kafin ka shiga. Takalmina sabo ne, na fata. Na duba hagu da dama, na tsallake. Da safiyar ranar kuwa na bar wata kazata tana numfashi baki buɗe. Na ce mura ce, ni da na karanta rabin littafi.

Ranar Alhamis kajinsa ɗari biyu suka mutu. Washegari ɗari bakwai. Matata ta ce mu je jaje.

Gonar da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, yau tsit. Ma'aikata na tura baro lulluɓe da buhuna zuwa rami. Likitan dabbobi na zaune a rumfa yana rubutu.

"Cutar nan a ƙafa take shigowa," ya ce. "Wane mai kiwo ne ya shigo cikin kwana goman nan?"

"Babu," in ji Yaya.

"Wannan fa?" Ya nuna ni da biro.

Yaya ya yi dariya, ta farko tun Alhamis. "Wannan? Haba, likita. Akawu ne. Wasa yake da 'yan tsaki."

"Gaskiya ne," na ce. "Sha'awa ce kawai."

Matata ta juyo ta dube ni. Ba ta taɓa jin na yarda ba.

"Cuta ba ta tambayar sha'awa," likitan ya ce. "Nawa ne?"

"Tara."

"Huɗu," in ji matata, a hankali. "Huɗu suka rage, Yaya."

Likitan ya rufe littafinsa. "Mu je in gan su."

Yaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki makullin mota.

"Ni zan kai ku," ya ce. "Manomi, shigo gaba."