Ƙwayar da Ta Girmi Duwatsu

Inna ta zo ne ta tafi da babban ɗanta gida, amma tun daga ƙofar ɗakin binciken aka fara juya ta. Aka sa mata farar riga, aka ɗaura mata leda a takalmi, sannan ɗan nata ya roƙe ta kada ta yi atishawa kusa da tebur. Ita da ta goya shi.

Ta ɗauka za ta tarar da duwatsu jibge, tunda kullum aikin dutse ake ce mata yana yi. Sai ya miƙo wani ɗan faifai kamar murfin kwalba. Ta juya gaba, ta juya baya, ba ta ga komai ba. Ya zaunar da ita gaban madubin ƙara girma, ya ce ta rufe ido ɗaya, ta rufe wanda take leƙe da shi. Da ƙyar dai ta hango wata ƙwaya ja-ja, mai zobe cikin zobe kamar an yanka albasa.

Ya ce sunanta zirkon, kuma ta haura shekara biliyan huɗu. Ta samu ne lokacin da doron ƙasa ya fara ƙwari. Dutsen da ta fito daga cikinsa ya ruɓushe tun tuni, ita kaɗai ta rage tana riƙe da labarin. Inna ta tambaya wa ta ba labarin, tunda ba ta da baki. Ya yi dariya, ya ce haske ake harba mata, ya ƙona ɗan wuri, daga abin da ya tashi a karanta shekarunta, har a gane ko akwai ruwa a lokacin.

Nan kan Inna ya ɗaure gaba ɗaya. Abin da ake hana mutum yin atishawa a kansa, shi kuma za a ƙona? Ta rasa ta ina za ta kama zancen, ga kuma nata zancen yana cin ta. Mijinta ya fara mantuwa. Maƙwabta suka fara ɓace masa, sai jikoki, sai 'yan matan gidan. Suna ɗaya ya rage a bakinsa safe da yamma, na wannan da ke tsaye yana goge madubi.

Ta faɗa masa. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani, yana nan tafe. Sai dai layin na'urar harba hasken ya zo kansa bayan dogon jira, in ya bari ya wuce sai baɗi.

"Ita ƙwayar, in ka tafi, mantawa za ta yi?" Da gaske take tambaya, don ta kasa gane inda gaggawar take.

"A'a, Inna. Ita ba ta mantuwa."

Ta shiga kwance ledar ƙafarta. Tausayinsa ya kama ta, har ta so ta haɗiye sauran maganar, amma ta kasa.

"Shekaranjiya Auta ya shigo da ruwa, babanku ya riƙe masa hannu, ya kira shi da sunanka. Ya ce ashe ka dawo."

"Sai kuka gaya masa ba ni ba ne?"

"Auta ya amsa," in ji ta. "Tun ranar babanku bai sake tambayarka ba."