Itacen Ƙirya a Bakin Zaure

A rediyo Inna Bara'atu ta ji sunan ɗanta: Dakta Mahadi zai yi jawabi a taron makamashi a jami'a, Gusau. Rabon da ta sa shi a ido tun babbar Sallah. Daga Damba, unguwarsa a Gusau, zuwa Bungudu inda take ba nisa ba ne, amma ka ce Makka ce. Kewarsa ta dame ta.

Makamashi kuwa ai ta san shi, ita da ta tsufa a gindin murhu. Ta zaɓi itacen ƙirya busasshe, mai garwashin da ke kwana da rai, ta ɗaure dami guda, ɗan kabu-kabu ya ɗora mata a bayan babur, suka nufi Gusau. Ba a zuwa wurin ɗa hannu rabbana.

Ta jingine damin a bakin zauren taron, ta zauna can kujerar ƙarshe kusa da wata malama mai suna Madina. Sanyin na'ura ya shige mata ƙashi. Turanci ake ta zubawa kamar ruwan Agusta, ba wanda ya ce mata sannu. Da Mahadi ya hau, sai ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta zuba masa ido a cikin mutane.

Can sai hoto ya fito a bango: wata mata ta ba da baya, tana hura wuta cikin hayaƙi. Inna ta gane zanen da ke jikin matar, nata ne. Ta gane tukunyar mai tsagaggen baki. Miyar Sallarsa take dafawa ranar. Daɗi ya kama ta, ashe yana tafe da ita.

Ta taɓa Madina. "Ɗiyata, mi yac ce?"

"Ya ce hayaƙin itace na kashe mata, daji kuma na ƙarewa. A koma gas da hasken rana."

"Ita matar hwa? Ya hwaɗi ko wace ce?"

"A'a. Ya ce wata tsohuwa ce a Bungudu." Madina ta dube ta. "Kin san shi ne, Inna?"

Maganar ta zo mata har leɓe. Kunya ta mayar da ita.

"Ɗan unguwarmu na," ta ce.

Aka tafa. Manya suka kewaye shi, ana ta musabaha, aka wuce da shi cin abinci ta wata ƙofar. Ta jira, bai waiwayo ba. Ta ce wa ranta ai ita ma ba ta faɗi sunansa ba. Sai dai ta san nata kunya ce. Nasa dalilin ne ba ta san sunan da za ta ba shi ba.

A bakin ƙofa wani mai gadi yana zungurin damin da ƙafa, yana tambayar ko na wane ne.

Inna ta gyara mayafi ta wuce.