Littattafan da Aka Ce Ba Su da Magaji

Shekara biyu da ƙarewar yaƙi, Zlata Perelman ta samu aiki a wata tsohuwar masana'anta a Jamus, inda sojojin Amurka suka tara littattafan da 'yan Nazi suka wawashe daga gidajen Yahudawa da wuraren ibadarsu. Hawa biyar, ko'ina akwatuna. Aikinta shi ne ta duba hatimi, ta faɗi garin da littafi ya fito.

Ran wata Talata ta buɗe wani akwati, sai ga hatimin ɗakin karatun garinsu na Poland. Ta ɗauko littafin da ke sama ta buɗe. Rubutun mahaifinta ne a gefen shafi, Reb Hirsh, wanda ya riƙe ɗakin shekara talatin kafin a harbe shi a dajin bayan gari.

Ta rungumi littafin ta nufi teburin magatakarda, wani Bajamushe, Herr Dreyer. Kowa ya san shi ya jera wa 'yan Nazi littattafan nan lokacin da aka kwaso su, yanzu kuma shi ke jera su don a raba.

"Wannan akwatin namu ne," in ji ta.

Bai ko ɗago kai ba. "An riga an rubuta shi cikin marasa magaji, Frau Perelman. Garinku babu wanda ya rage. Jirgin ruwa zai kai shi New York."

"To ni da ke tsaye gabanka fa, fatalwa ce?"

"Kina da takardar shaida?"

"Takarda? Ku da kuka ƙone gidanmu, kai ne za ka tambaye ni takarda? Kai ko kunya ba ka ji!"

Hayaniyar ta fito da Kyaftin Hollis, shugaban wurin, daga ofishinsa. Ya saurare ta har ta gama, ya sosa ƙeya, ya ce doka ta ɗaure masa hannu: al'umma ake mayar wa kaya, ba mutum ɗaya ba. Abin da zai iya kawai, ya ba ta aron littafi guda na wata uku.

Aro! Littafin ubanta! Ta sa hannu da ƙarfi, har alƙalamin ya huda takardar.

Aka buga wa akwatin ƙusa a gabanta, mota ta tafi da shi ranar Juma'a. Da wata uku suka cika, Dreyer ya aiko mata da wasiƙar tuni har sau biyu, cewa ta mayar da littafin. Ta hura murhu da su, ba ta kuma sake taka wurin ba.